Sawun Ƙusa a Kan Jan Kifi

Mutum arba'in ne suka ɗaga hannu ranar Lahadin nan a layin 'yan faifai na Bandung, kuma duk suka sandare a haka.

Sau ɗaya a shekara Haji Iding yake fito da Jan Kifi. Faifan garmaho ne na wasu Turawan Ingila huɗu masu gashi har kafaɗa, bugun farko, na shekarar sittin da tara. Sunansa na gaskiya yana karya harshe, shi ya sa ake kiransa da hoton da ke jikin kwalinsa. A wani gidan rediyo ya fara zama. A can aka hana sa waƙar farko ta bayansa, aka karce ta da ƙusa. Tun daga nan duk juyin da faifan ya yi sai allura ta taka tabon ta ce ƙwas, 'yan layi kuma su tafa tare da ita. Ƙwas, tafi. Ƙwas, tafi. Shekara goma sha tara ana haka. Akwai masu hawo jirgin ƙasa daga Jakarta don wannan tafin kaɗai.

Yau Haji ya ɗora allura, jita ta tashi, aka ɗaga hannu. Waƙa ta wuce sumul kamar an shafa mata mai.

Kang Deden kaɗai ya tafa, shi ma don idonsa a rufe yake. Da ya ji shi kaɗai ne sai ya buɗe ido ya cusa hannun a aljihu.

Koh Afung, wanda ya fi kowa girman shago a layin, ya ɗauke faifan, ya jinjina shi a tafin hannu, ya maƙala gilashin masu gyaran agogo a ido.

"Bugun baya ne, Pak Haji. Ba shi da nauyi. Kwalin naka ne, abin da ke ciki ba naka ba ne."

Haji ya yi salati har sau biyu. Hularsa ta karkace bai gyara ba.

"Wa ya taɓa shi?" in ji wani.

Kowa ya san amsar. Ba a sa Jan Kifi sai an wanke shi, kuma mai wanke faifai ɗaya ce a layin: Ceu Entin, wadda mijinta ya rasu ya bar mata tebur da bokiti. Shekara ashirin da biyu tana wanki da ruwan 'ya'yan lerak mai kumfa, ba ta taɓa fasa ko ɗaya ba. Ranar Alhamis Jan Kifi ya wuni a wurinta.

Haji ya ratsa mutane ya je teburinta, ya ɗauki kujerarta ya kifa a tsakiyar hanya.

Mutane suka ja da baya. Dokar tsohuwa ce: wanda aka kifar wa kujera, in rana ta faɗi tana kife, ya kwashe kayansa ke nan, kuma ba mai sake ba shi ko fasasshen faifai a garin.

"Bayan la'asar a taru," in ji Haji. "Ko faifaina, ko ta san inda dare ya yi mata."

*

Abah Darsa yana bakin rumfar gahawa yana cin bala-bala, wani irin ƙosai mai kayan lambu. Bai tashi ba da aka yi hayaniyar. Ba ya tashi don hayaniya.

Shekara talatin ya yi yana bin sawun aladen daji a gonakin shayi na kan tudu. Da gwiwa ta gaza ya sauko gari, ya koma farautar faifai: ya ji labarin wani ya mutu a wata unguwa, ya bi har ya gano kwalin da 'ya'yan mamacin ke shirin zubarwa. Karatunsa bai wuce sa hannu ba. Amma abu in ya taɓa abu, Abah yana gani.

Ceu Entin ta tsaya a kansa, hannunta duk kumfa.

"Abah, ka ga abin da aka yi mini."

"Na gani."

"Shi ke nan? Ka gani?"

"Ke kika ɗauka?"

"In ɗauka in kai ina? In yi murfin tukunya da shi?"

Ya tauna abin da ke bakinsa har ya gama. Ya goge yatsu a zanensa.

"Je ki zauna."

"A kan me? Kujerar tana can ƙafa a sama kamar mataccen kyankyaso!"

"To tsaya," in ji Abah, ya ɗauki sandarsa.

*

Haji ya miƙa masa baƙon faifan da yatsu biyu, kamar mai riƙe da ɓera.

Abah ya fita da shi rana. Ya fara kai shi hanci. Ba ƙamshin lerak, ba warin rumfa. Kafur ne, irin wanda ake sawa a sif ɗin kaya, kuma ya shiga takardar tsakiyar faifan sosai. Ya duba bakin ramin tsakiya, inda duk faifan da ake sawa yake yin 'yan zane-zane wajen neman sandar garmaho. Zane ɗaya ne, na Haji na safiyar nan. Wannan faifai ya tsufa a ajiye ba a taɓa jin muryarsa ba.

Ya juya bayan, ya karkata shi, haske ya kwanta a kai. Ya daɗe a haka.

A ɗan filin da ke raba waƙar farko da ta biyu akwai ɗigo uku, ƙanana kamar cizon sauro. Bakin ƙusa ne. An ɗora an ɗage, an ɗora an ɗage, an sake.

Abah ya taɓa ganin irin wannan a bakin rafi: dabba ta sauko har ruwa sau uku, ta koma ba ta sha ba.

"Me ka gani?" in ji Haji.

"Faifai."

"Abah, ba lokacin wasa ba ne. Kuma na ji abin da ake raɗawa, wai ni na sayar da shi a ɓoye don Hajiya na son a canza rufin gida. Ni! Da in sayar da Jan Kifi gara ruwan sama ya cinye Hajiya da kujerunta."

"Zan gaya mata."

"Kar ka gaya mata."

"To nemo mini ƙusa ɗaya da faifan da ba ka so."

*

Ceu Entin ta samu bokiti ta kifa ta zauna a kai. A bayanta akwai katakon da take jera faifai su sha iska, kamar kwanuka.

"Alhamis," in ji Abah. "Faɗi."

"Ƙarfe goma Haji ya kawo shi, ya tsaya a kaina kamar mai jiran haihuwa. Na kore shi. Na wanke, tabon yana nan, da yatsana na bi shi. Na jera shi a can, na uku daga hagu."

"Wa ya zo?"

"Wa bai zo ba? Koh Afung ya jawo wani baƙo ɗan Japan, suka tsaya suna ta sunkuya wa faifai kamar surukinsu ne. Deden ya zo yana roƙon in bari ya riƙe shi na minti ɗaya, na ce ya fara wanke hannu, ya ce ai ya wanke ran Talata. Haji ya dawo sau biyu."

"Kin tashi daga nan?"

"Azahar. Na ce wa Deden ya zuba ido. Na dawo na tarar da komai yadda na bari, na zura shi a takarda, na mayar a kwali."

"Ba ki juya bayan ba?"

Ta waiwaya ta dubi katakon. Sannan ta ce a hankali, "Ban juya ba. Shekara ashirin da biyu, Abah. Ranar kaɗai ban juya ba."

Abah bai lallashe ta ba. Bai iya ba. Ya dai ajiye mata sauran bala-balarsa a kan tebur ya wuce.

*

Koh Afung ya gan shi tun daga nesa ya ɗaga hannu biyu.

"Shigo, Abah, shigo ka caje. Ɗaga katifa, leƙa bayan firiji. Matata ma ta caje ni da safe ba ta samu komai ba."

"Ɗan Japan ɗin."

"Ya yi tayi, gaskiya ne. Tayin da ya sa na nemi ruwan sha. Na kai wa Haji, ya ce in sake maimaitawa zai sa ni a addu'a. Mutumin ya hau jirgi ran Juma'a da faifai sittin, na naɗe masa su da hannuna, ba Kifi a ciki."

"Kai fa?"

"Haba, Abah. In sace in sayar wa wa? Daga nan har Tokyo an san tabon nan. Satar Jan Kifi kamar satar babbar gangar nan ce da ake kaɗawa a masallacinmu in lokacin salla ya yi. Ka ɗauke, to a ina za ka kaɗa?"

Abah ya yarda da wannan, amma bai nuna ba.

"Bugun baya nawa ya bi ta shagon nan?"

"Uku. Ɗaya wani likita ya tafi da shi Surabaya. Ɗaya Deden. Na ukun tun zamanin babana ne, ina yaro. Na tuna ya ce wani mutum ya saya, ya ƙi yarda a gwada masa."

"Ya ƙi a gwada?"

"Shi ya sa baba bai manta ba. Wa ke sayen faifai bai ji ba?"

"Wane ne?"

"Sai ka je maƙabarta ka tambayi baba. Ka tafi masa da lemo, yana so."

*

Kang Deden ya haura sittin, amma har yau rigar fata yake sawa a cikin rana, gashinsa fari ɗaure a ƙeya. A da ya yi kiɗan jita a gidajen biki. Rumfarsa ta fi kowace ƙara da ƙarancin ciniki.

"Abah, na rantse da kabarin uwata..."

"Uwarka tana Garut tana sayar da tabarma. Kawo naka."

Deden ya durƙusa ya tono nasa bugun bayan. Abah ya zare shi daga kwali. Ya yi furfura don sawa, ramin tsakiya ya buɗe kamar bakin buhu.

"Wannan ka kashe shi."

"So ne, Abah."

"An ce ka zuba ido ran Alhamis. Ka zuba?"

Deden ya sosa ƙeya.

"Na zuba. Da farko."

"Sannan?"

"Sai mai taliya ya buga kwanonsa a bakin layi. Ka san shi, ba ya tsayawa. Minti goma ne, Abah. To, sha biyar. Na sa an ƙara mini ƙwai."

"Wa ka bari a wurin?"

"Ba kowa."

"Ba kowa?"

"Ba kowa mana. Sai Pak Rukmana a kujerarsa, shi ma gyangyaɗi yake."

Abah ya leƙa waje. Pak Rukmana yana inda yake kullum, a gindin turken rumfar Ceu Entin: tsoho siriri mai farar riga a goge, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ba a taɓa tambayarsa na wane ofis ba. Ba ya saye, ba ya sayarwa. In an yi gardamar shekarar da wani faifai ya fito, shi ake waiwaya, ya faɗa, gardama ta mutu. Ya daɗe a wurin har an daina ƙirga shi cikin mutane. Yau jakarsa tana kan cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu, gahawarsa ta huce ƙudaje na shawagi a kai.

Abah ya yi ƙoƙarin tuna ko ya taɓa ganin hannayen nan suna tafi. Bai tuna ba.

"Za ka gaya wa Ceu maganar taliyar?" in ji Deden.

"Kai za ka gaya mata."

"Gara ka kifa mini kujera, Abah."

*

Bayan la'asar layi ya cika har masu gyaran takalmi na bakin titi sun shigo kallo. Kujerar tana nan a kife. Inuwa ta riga ta cinye rabin hanya.

Abah ya sa aka kawo tebur. Ya ajiye faifan da Haji ya ba shi, na koyon motsa jiki ne wanda ba mai so, da ƙusa ɗaya a gefensa.

"Wanda ya musanya Jan Kifi ya san tabon," in ji shi. "Kowa a nan ya sani. Da ya karce na bogin, da mun tafa mun watse, sai wata shekarar. To kowa ya zo ya nuna mini yadda zai yi tabon Jan Kifi a waƙar farko. Ceu, fara."

Ceu Entin ta ɗauki ƙusa, ta dasa a bakin faifan, ta ja ciki. Ƙiiii!

Layi gaba ɗaya ya yi ƙara. Koh Afung ya dafe haƙora, Deden ya toshe kunne, wani daga Jakarta ya ce, "Ya Allah!"

"Me?" in ji Ceu. "Roba ce. In ƙara?"

"Ya isa," in ji Abah. "Kun gani. Da ita ce, da ba ta bar shi sumul ba."

Aka yi 'yar dariya, ta jin kunya.

Koh Afung ya karɓa, ya ɗora ƙusa a baki, ya dubi sama. "Na nuna wurin. Ja kuma sai dai a nemo mahauci."

Deden ya ɗora a baki shi ma, ya ce shi ko na motsa jiki ne ba zai iya ba, ai shi ma wani ne ya haife shi.

"Pak Haji."

"Ni? Ni aka yi wa sata!"

"Hannu gare ka."

Haji ya ɗora a baki, ya ajiye da sauri yana istigfari. Mutum shida suka biyo baya, duk a baki. Nan allura take farawa, nan kowa ke jin ƙwas na farko, nan hannun kowa ya tafi.

"Pak Rukmana," in ji Abah.

Aka waiwaya ana neman inda yake, alhali yana gabansu.

"Ni ba ɗan kasuwa ba ne, Abah."

"Ban ce ka saya ba."

Tsohon ya taso da jakarsa a hammata. Ya ɗauki ƙusa. Bai yi tunani ba, hannun ne ya tafi da kansa: babban yatsan hagu ya danne takardar tsakiya, ƙusa ta sauka a ciki, a ɗan filin da ke tsakanin waƙar farko da ta biyu. Nan ta tsaya.

"Ja mana," in ji Abah.

Bai ja ba.

Abah ya juya ga mutane.

"Shekara goma sha tara kuna tafa wa tabon nan, ba wanda ya dube shi. Ni na duba ranar da Haji ya kawo shi. Sawu yana da kai yana da wutsiya. Inda ƙafa ta dasa ya fi zurfi, inda ta ɗaga ya fi siriri. Tabon Jan Kifi zurfinsa a ciki yake, wutsiyarsa a baki. Daga ciki aka fara aka ja waje, don in ƙusa ta zame ta faɗa iska, kar ta ci waƙa ta biyu. Wanda ya yi haka an sa shi ne, kuma yana tausayin faifan."

Ya ɗaga baƙon faifan, ya miƙa wa Koh Afung.

"Sa gilashinka. Tsakanin ta farko da ta biyu."

Koh ya duba. "Ɗigo uku."

"A ciki, ba a baki ba. Mutum biyu ne a layin nan suka san daga ciki ake farawa. Ni, don na karanta. Da wanda ya rubuta."

Pak Rukmana ya ajiye ƙusa a hankali. Ya buɗe jaka, ya fito da wani abu naɗe a zanen batik, ya warware. Haji ya yi wata ƙara kamar an taka masa yatsa, ya rungume faifan da zanen gaba ɗaya.

"Shekarata ashirin," in ji Pak Rukmana, idonsa a kan tebur. "Wata uku da fara aiki a ɗakin ajiyar faifai na rediyo. Ni na buɗe shi daga kwali. Sau ɗaya na ji waƙar, ni kaɗai, na kulle ƙofa. Washegari shugaba ya ce ihun ya yi yawa, ba tarbiyya. Ya miƙo mini ƙusa ya tsaya a kaina. Na yi."

"Kai ne?" in ji Deden. Bakinsa ya ƙi rufuwa. "Pak, kai ne mai ƙwas? Shekara da shekaru kana zaune nan ba ka faɗa ba? Ai da mun ɗauke ka a kafaɗa!"

"Shi na guda. Ku kuna tafi, ni kamar mari nake ji. Na sayi sabo wajen baban Koh, na kasa sawa, na ajiye a sif. Bana na ga idona ya fara dushewa, na ce in ban gyara abin da na ɓata yanzu ba, ba zan gyara ba."

"Gyara?" in ji Haji.

"Da tsinken gora da gilashi. Layi-layi ake bi, ana kwantar da abin da ƙusa ta tayar. Aikin wata shida ne. Na yi niyyar in karce nawa in bar muku kafin in gama. Sau uku na ɗora ƙusa. Na kasa. Sai na ce to, bari su ji ta sau ɗaya yadda aka yi ta."

Haji ya zare faifan da sauri ya karkata shi a haske.

"Ka gyara mini tabo? Tabon ne faifan, bawan Allah! Ina ka kai?"

"Juyi huɗu."

"Cikin nawa?"

"Ɗari da talatin."

"To ba a mutu ba," in ji Deden. "Sai mu riƙa shiga tafi a makare. Ni dama haka nake shiga komai."

Dariya ta ɓarke. Abah ya buga sanda a ƙasa, ta tsaya.

"Ba a gama ba. Pak Rukmana, tun safe kujerar matar nan take kife. Kana zaune taku uku daga wurin."

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Wallahi ran Alhamis ban tuna da ita ba, Abah. Faifan kawai na gani. Yau kuma na yunƙura zan yi magana..."

"Sau uku."

"Sau uku."

"Na sani. Haka sawunka yake."

Haji ya miƙa wa Koh Jan Kifi, ya fasa, ya karɓe, ya cusa shi a hammata, ya nufi kujerar Pak Rukmana zai kifa.

"Pak Haji!" Muryar Ceu Entin ce. "Ina za ka? Wadda ka fara kifarwa tana nan."

Haji ya tsaya. Ya dawo. Ya sunkuya da ƙyar, da tumbinsa da faifansa, ya miƙar da kujerar.

"Ki yi haƙuri, Ceu. Zuciya ce."

"Ban ji ba. Da safe muryarka har bakin titi."

"KI YI HAƘURI, CEU ENTIN!"

"Akwai ƙasa a kanta."

Haji ya dubi mutane, mutane suka dubi sama. Ya ciro hankicinsa ya goge kujerar, sama da ƙafafu. Ceu ta duba, ta nuna masa wani gefe, ya sake gogewa. Sannan ta zauna, ta gyara zani, ta ja numfashi mai tsawo. Rana tana nan a kan rufin shagon Koh Afung, da saura.

"Shi kuma fa?" in ji Haji.

"Ni aka ɓata wa suna, ni zan yanke. Ba mai kifar masa da kujera. In ya tafi wa zai riƙa raba ku gardama? Ku da ba ku san shekarar da aka haife ku ba."

Ta jawo bokitin da ta wuni a kai, ta tura shi da ƙafa har gaban Pak Rukmana.

"Famfo yana bayan masallaci. Bokiti shida kullum, kafin ƙarfe tara. Deden zai ɗauki uku, don na ji labarin taliya."

"Wa ya gaya miki?" in ji Deden.

"Mai taliyar. Ya ce har ƙwai aka ƙara maka."

Pak Rukmana ya ɗauki bokitin da hannu biyu, kamar an ba shi kyauta.

"Har yaushe, Ceu?"

"Har in huce."

Koh Afung ya dafa kafaɗar tsohon, ya girgiza kai.

"Ka shiga uku, Pak. Matar nan har yau ba ta yafe wa mijinta mutuwar da ya yi ba."